Sito da Ƙofar Tsakani

Sunan yayana na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Sito yake ce masa, har matarsa in ya ƙure ta. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da ɗakin ajiyar kaya a wani kamfanin fenti, kuma abin taƙamarsa a duniya guda ɗaya ne: a tsawon shekarun nan ko murfin gwangwani bai ɓata a hannunsa ba. Ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka. Ni da muka fito ciki ɗaya na ji labarin ya fi sau dubu, kuma bai taɓa burge ni ba.

Ba a kamfani ya koyo halin ba, da abinsa aka haife shi. Muna yara yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, da ɗan kwaɗo a jiki. Rannan ya manta bai datse ba, na leƙa. Marafen kwalba ne, da guntun madubi, da batir biyu da suka mutu. A kan wannan leƙen ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Babanmu dariya ya yi, ya ce ku ƙyale shi, mai tattali ne. Inna ma ta goya masa baya, don ita a wurinta ɗan farinta ba ya laifi.

Kafin Baba ya rasu ya raba filinsa biyu. Yaya ya ɗauki gaba, inda tsohon gidan yake da ɗakin Inna. Ni na ɗauki baya, ƙofata tana kallon wani layi daban. A katangar da ta raba mu Baba ya bar 'yar ƙofa ta katako, ko sakata ba ta da ita, da wata lanƙwasasshiyar ƙusa ake maƙale ta. Daga ɗakin Inna zuwa bakin ɗakina taku ashirin ne da 'yan kai. Amma in za ka zagayo ta titi, sai ka bi layinmu har ƙarshe, ka wuce injin niƙa, ka tsallake babbar kwata, sannan ka dawo ta layinsu. Mai ƙafa lafiya zai yi minti goma sha biyar. Inna kuwa gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta, ko rabin hanyar ba za ta kai ba.

Ni tela ce, shagona yana kasuwa. Tun da mijina ya rasu, yarana suka watse wurin aure da aiki, ƙofar nan ce ta riƙe ni. Da safe Inna za ta turo ta da sandarta, kofinta a hannu, mu sha shayi tana kushe min shi. Da yamma in na dawo da ragowar aiki, ta zauna gefen keken ɗinkina tana farke min ɗinkin da na ɓata, tana zagin masu kayan da ba ta taɓa gani ba. Faɗa muke yi kusan kullum. Amma duk ranar da ba ta shigo ba, abinci ba ya min daɗi.

Ana nan sai ɓarayi suka shiga gidan Yaya da rana tsaka, ranar wata Talata. Yaya da matarsa sun kai Inna asibiti, ni ina shago. Suka dawo suka tarar kwaɗon get yana nan lafiya lau, amma an ɓalle ƙofar falo. An ɗauke talabijin, da injin jan ruwa, da tukunyar gas, da agogon bangon da kamfani ya ba shi ranar da ya ajiye aiki. Da na iso na same shi a tsakar gida. Hannu ya goya a baya yana zagaya gidan a hankali, maƙwabta suna binsa da jaje. Mai shagon kusa da su ya nuna masa sawun takalmi ɓaro-ɓaro a jikin katangar gefe, daidai inda reshen bishiyar lemo ya leƙa waje. Yaya ko kallon wurin bai yi ba. Ya zo gaban ƙofar tsakani ya tsaya, ya taɓa ƙusar nan da yatsa.

"Ta nan suka shigo," in ji shi.

Na ce, "Yaya, ga sawu can an nuna maka."

"Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Gidanki kasuwa ne. Mata suna shiga suna fita da sunan kawo ɗinki, kin san mazajensu? Da ɗan gari akan ci gari."

A gaban mutane ya faɗa. Na ce masa ni gidana ko tsinke ba a ɗauka ba, in ta wurina suka bi ai da sun fara da kekena. Ya ce wannan ma abin dubawa ne. Wallahi da ba don Inna tana zaune tana haki ba, da ranar an ji kanmu. Abin da ya hana shi yarda da sawun nan na san shi: katangar tasa ce, kwaɗon nasa ne, kuma abin da yake hannun Sito ba ya kasawa. Dole laifin ya fito daga wani wuri, ni ce kuma mafi kusa.

An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To shi Yaya tsumman ma sai da ya sa aka yi masa keji. Cikin wata biyu gidan ubanmu ya canza kama. Aka ƙara wa katanga layi uku na bulo, aka dasa fasassun kwalabe a kai, aka kuma nannaɗa waya mai ƙaya a kan kwalaben. Kowace taga aka yi mata sandunan ƙarfe, har ta banɗaki da ko kyanwa ba za ta iya bi ba. Bishiyar lemon da ya ce ba ta nan aka shigo ba, ya sa aka sare ta, Inna ta rasa inuwar da take zama da hantsi. Get ya samu sakata uku ta ciki, da 'yar taga ta leƙe, da kyamara a sama. Sannan ya kawo wani mai haɗa ƙararrawa, mutum mai daɗin baki, wanda ya gane irin kamun da ya yi. Ya liƙa masa na'urori masu jin motsi a kusurwoyin gida, ya ɗora jiniya a kan rufi. Yaya ya bi maƙwabta gida-gida yana gaya musu duk wanda ya ji kukanta ya fito da abin duka.

Ƙofar katakon Baba kuwa ya cire ta ya jefar a bayan ɗaki. Ya sa ta ƙarfe, mai kwaɗo biyu, duka ta ɓangarensa. Wai haka ake yi a kamfani: ba mai buɗe sito shi kaɗai, makulli ɗaya a hannun manaja, ɗaya a hannunsa, sai sun haɗu ƙofa take buɗuwa. Ya riƙe ɗaya, ya ba matarsa ɗaya. Ya kuma yanka lokaci, ƙarfe bakwai zuwa bakwai da rabi na safe, biyar zuwa shida na yamma. In matar ta tafi unguwa, ranar babu buɗewa, ko da shi yana zaune a gida yana sauraron rediyo. Na ce masa uwarka ce fa, ba durom ɗin fenti ba. Ya ce rigakafi ya fi magani.

Bai tsaya nan ba. Ya samo ragowar fenti ruwan ɗorawa ya ja layi a ƙasa, taku huɗu kafin ƙofar, irin wanda suke ja a wurin aiki don kada leburori su matso kusa da kaya. Na'urar da ke saman ƙofar a kunne take kowane lokaci in ban da sa'o'in buɗewa. Ya kama hannun Inna ya kai ta ya nuna mata, ya ce kada ta kuskura ta tsallake.

Matar da ta haura tamanin, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana bin hanya ɗaya, ina za ta tuna wani layi? Ran wata Lahadi ina gida ban fita ba, bayan azahar, sai na ji jiniya ta tsage sama. Na fito a guje na nufi ƙofar, ina dukanta ina kiran Inna. Ta wancan ɓangaren ina jin maza suna jijjiga get, ana cewa a zagaya ta baya kada ya tsere. Abin da ya faru daga baya matar Yaya ta ba ni labari. Inna ce ta gama farke wata riga da na ba ta, ta taso za ta miƙo min. Yaya ya fito da guntun rodi a hannu, ya buɗe wa maƙwabta, suka shigo su kusan goma da sanduna. Suka tarar da tsohuwa a tsaye ta yar da sanda, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, zanenta ya jiƙe. Mazan suka sunkuyar da kai suka fara zamewa. Shi kuwa da ya kashe jiniyar, abin da ya fara cewa shi ne, "Inna, ai na ce miki kada ki tsallake layin nan."

Na zari mayafi na zagaya. Ban san lokacin da na wuce injin niƙa ba. Na isa get na tarar har ya mayar da sakatunsa. Na buga. Yana ganina a kyamara, amma sai da ya buɗe 'yar tagar ya ce, "Waye?"

Na ce, "Ɓarauniyar da kake nema ce."

Ban rage masa komai ba. Na ce shekara talatin da ɗaya yana gadin gwangwanayen wasu, ya fito da agogon bango, yanzu agogon ma ya tafi shi ne yake hucewa a kan uwarsa. Na ce Baba da ya ce masa mai tattali bai san rowa da tsoro ne suka haɗu a jiki ɗaya ba. Maƙwabtan da ba su gama watsewa ba suka dawo kallo. Shi Yaya ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ƙona min rai da shi ke nan. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Daga yau an rufe ƙofar baya. Mai son ganin Inna ya zo ta nan, ya danna ƙararrawa kamar kowa."

Na ce, "Ni ba kowa ba ce. In na sake shiga gidan nan ta ƙofar baƙi, ba ubanmu ne ya haife ni ba."

Ya ce, "Ruwanki," ya rufe tagar.

Nan ne nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Lissafina shi ne Inna ba za ta kwana uku ba ta gan ni ba. Za ta tasa shi a gaba da mita har ya buɗe, ni kuma in ci gari ban karya rantsuwa ba. Na san bakin Inna, da shi ta raine mu. Sai na zauna jira.

Kwana uku suka wuce, mako ya wuce. Kullum da safe kafin in fita sai in ɗauki kofina in je jikin ƙofar ƙarfen nan in tsaya. In ce, "Inna, kin tashi lafiya? Ya ƙafar?" In ba ta labarin kasuwa, wadda ta kawo yadi uku tana son riga da zane da ɗankwali, wadda ta ƙara ƙiba ta ce ni na matse mata hannu. Tagar ɗakinta ba nisa, na tabbata tana jina. Da ba ta amsa ba sai na ce fushi take yi don na ci mutuncin ɗanta a gaban jama'a, ko kuma tsoron layin take ji. Na ce ba komai, ta dai ji muryata. In na kira wayar matar Yaya a ba ta, kunnenta ba ya kama magana a waya, sai ta ce "lafiya lau, lafiya lau" ta miƙa musu abinsu. Matar Yaya takan biyo ta shago jefi-jefi. Baiwar Allah ce, shekara talatin tana zaune da mutumin da yake duba murfin tukunya. In na tambaye ta Inna, sai ta ce tana nan lafiya, tana kallon yadudduka ba ta kallona. Sau biyu ta ce min, "Ki daure ki zagayo mana." Na ce ya buɗe ƙofar ubana tukuna.

Haka muka yi mako bakwai. Na rame, masu kawo ɗinki suna tambaya ko ciwo nake yi. Na tsani Yaya a kwanakin nan irin tsanar da ban san ina da ita ba, har in na ji tarinsa ta bayan katanga sai in ji abincin bakina ya fita raina.

Ran nan matarsa ta zo karɓar ɗinki, ta ambata cewa jibi Yaya zai je taron tsofaffin ma'aikata, ita kuma za ta je duba 'yarsu da ta haihu, sai yamma za su dawo. Na ce to Inna fa? Ta ce ita kaɗai za a bari, ita za ta sa sakata ta ciki. Da farko kwaɗo yake sa mata ta waje, sai da matar ta ce in gobara ta tashi ita ba ruwanta, sannan ya haƙura. Tana fita na rufe shago na tafi layin masu walda.

Ranar da hantsi mai waldan ya zo da injinsa na yanka ƙarfe. Dattijo ne, ba ya son shiga rigimar 'yan'uwa, sai da na nuna masa katangar rabi tawa ce. Na gaya masa jiniya za ta iya tashi, kada ya damu, ni zan tari duk wanda ya zo. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da bayan guduma, ya karkata kai, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Hajiya, ƙofar nan ba ta amsawa kamar mai fili a bayanta."

Na ce, "Kai dai yanka."

Ya kunna inji. Ya bi gefen ƙofar yana yanka, wuta tana tartsatsi, ƙara ta cika gidan. Ni kuwa na riga na ɗora ruwan shayi, na fito da kujerar Inna na kakkaɓe. Jiniya ba ta yi kuka ba. Da ya gama ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro, ƙofar ta faɗo tsakar gidana.

Bango ne a bayanta. Bulo tun daga ƙasa har sama, siminti ya bubbulo ta tsakaninsu ya daskare, ko kafar allura babu. Mai waldan ya karce shi da farce, ya ce, "Wannan ginin ai ya fi wata guda." Rabin yini ya ishi magini ya yi shi, ina can kasuwa ina taka keke. Ashe duk gaisuwar da nake yi, duk labaran da nake bayarwa, bulo nake ba wa.

Na bar mutumin a tsaye da injinsa. Rantsuwa kuma ta ci kanta. Na bi layi, na tsallake kwata, na isa get ɗin na danna ƙararrawa, na danna, na sake dannawa. An daɗe kafin na ji sandarta tana tahowa. 'Yar tagar ta buɗe kaɗan. Idonta na fara gani, ya faɗa ciki, fuskar ta tsotse.

"Waye?"

"Ni ce, Inna."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai ce. Buɗe min."

Ta leƙa bayana, dama da hagu. Ta rage murya ta ce, "Sun dawo. Ɗazu ina ji suna yanka ƙarfe ta baya. Na shiga banɗaki na ɓuya."

"Ba ɓarayi ba ne, Inna. Ni ce na kawo mai walda ya cire ƙofar, don ki riƙa zuwa kamar da."

Na ga lokacin da maganar ta shige ta, kuma ba yadda nake so ta shiga ba.

"Ke kika kawo su," ta ce. "Dama ya ce ta wajenki suke zuwa."

"Inna, kin san ya gine ƙofar da bulo? Mako bakwai ina tsaye ina gaishe ki."

"Ni na ce ya gine. Tun ranar da abin nan ya yi min ihu ban ƙara samun barci ba. Kullum sai ya zaunar da ni ya gaya min gidajen da aka shiga, da tsohuwar da aka ɗaure da zanenta. Na ce to ya toshe, in huta." Ta ja numfashi. "Ke kuma ba ki zo ba."

Na dafa get ɗin da hannu biyu, ƙarfen ya ɗau zafin rana. Na ce ga ni na zo, ta yafe min, sakata ce kawai za ta ja. Na ce ko ba za ta bari in shiga ba, ta buɗe in kama hannunta. Kuka nake yi a bakin titi, da girmana, masu wucewa suna rage tafiya.

"Ya ce kada in buɗe wa kowa."

"Inna, ni ce fa. Autarki."

"Na gane ki," ta ce. "Ki dawo in ya dawo."

Ta tura 'yar tagar ta rufe. Ban ji sandarta ta tafi ba, sai na kasa kunne, na ce ko ta sake shawara. Can na ji motsin hannunta a jikin ƙarfen, tana taɓa sakatun ɗaya bayan ɗaya, ta sama, ta tsakiya, ta ƙasa, tana tabbatarwa duk a rufe suke.